Kukan Kurciya Jawabi Ne: Sunayen Tsuntsaye da na Kayan Naɗar Muryarsu

Da asubar wata ranar bazara, bayan an idar da sallah, na tsaya a gindin wani gawo a bayan wani ƙauye da ke gefen hanyar Dambatta. A hannuna akwai 'yar rikoda wadda ba ta fi tafin hannu ba, abin sauraro kuma yana kunnena. Sai ga wani dattijo ya koro jakinsa, mangala cike da taki, zai kai gona. Ya yi sallama, na rusuna muka gaisa.

"Ɗana, me kake aunawa da sassafen nan?"

"Baba, kukan tsuntsaye nake ɗauka."

Ya tsai da jakin, ya karkata kunne. "To wanne daga ciki? Ga kurciya can a kan ɗorawa. Mai kaurin muryar nan hasbiya ce, tana kan giginya. Ga cilakowa ta taso. Wancan kuwa na duhuwar bakin rafi, mai kamar ana tsiyaye ruwa daga gora, ragon maza ne."

Ya faɗi sunaye huɗu bai ɗaga kai ya dubi ko ɗaya ba, ya kaɗa jakinsa ya wuce. Da na koma gida na saurari abin da na ɗauko, na ƙirga muryoyi sun fi goma. Huɗun da ya ambata su ne kaɗai suka zama ilimi a hannuna, sauran suna nan a matsayin ƙara mai daɗi. Tun ranar nake bin sawun kalmomin wannan sha'ani, na tsuntsayen da na kayan aikin, domin na lura cewa wanda ya fahimci sunayen ya san abin da zai saya, ya kuma san abin da zai yi da shi.

Kuka, cara da waƙa

Bahaushe ya ce tsuntsu yana kuka. Da kalmar nan yake faɗin na jariri, da na jaki, da na kura. Ba lallai akwai baƙin ciki a ciki ba, murya ce ta abin da ba ya magana da harshen mutane. Ƙaramar kurciyar nan mai jan ƙirji da ke sauka a tsakar gidajenmu, Turawan Ingila sun saurare ta suka raɗa mata suna mai nufin kurciya mai dariya. Su dariya suka ji, mu kuka muka ji, muka kuma ƙara da cewa kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Karin maganar ya riga masana faɗin abin da suka tabbatar daga baya: tsuntsu ba ya ɓata muryarsa a banza. Ko dai yana shelar cewa wurin nan nasa ne, ko yana neman abokiyar zama, ko yana gargaɗin cewa ga shaho.

Amma kuka bai cinye komai ba. Zakara cara yake yi, kuma kalmar tasa ce. Kaza tana kyarkyara idan ta yi ƙwai. 'Yan tsaki suna tsuwwa. Kanari kuwa, wanda samari ke kiwo a keji, shi ake wa shaidar waƙa. Masana tsuntsaye ma sun raba muryoyin gida biyu: akwai gajeren kira na yau da kullum, akwai kuma doguwar rerawa wadda galibi namiji ke yi a lokacin aure da saƙar sheƙa. Idan muka ce kira da waƙa, muka bar kuka ya zama uwar da ta haɗa su, mun sami kalmomin da suka ishe mu aiki ba tare da aro ba.

Akwai wani abin lura ga mai rubuta bayanin abin da ya ɗauka. Kuka na tsuntsu da kuka ta miyar kuka rubutunsu ɗaya, karin sauti ne ya raba su: a ta bishiya murya tana sauka a gaɓar ƙarshe, a na tsuntsu tana nan a sama. Haka dinya, babbar agwagwar dajin nan ta bakin ruwa, lanƙwasa ɗaya ce tsakaninta da ɗinya mai baƙaƙen 'ya'ya. Takarda tana iya rikita waɗannan, baki ba ya rikita su. Wannan kaɗai ya isa dalilin a faɗi suna da baki a cikin rikoda.

Yadda aka raɗa musu suna

Sunayen tsuntsayenmu ta ƙofofi huɗu suka shigo. Ta farko ita ce ta kunne, inda tsuntsu ya raɗa wa kansa suna. Duk wanda ya kwana kusa da madatsar ruwa ta Tomas ko ta Watari da ke Bagwai, ya ji garken agwagin ruwa masu farar fuska suna wucewa da dare suna fito mai gaɓa uku, ba zai tambayi dalilin da ya sa ake ce musu kirinjijiya ba. Alhudahuda daga Larabci muka karɓe shi, hudhud, tsuntsun da ya kawo wa Annabi Sulaimanu labarin Saba'a a cikin Suratun Namli. Balarabe kukansa ya kwaikwaya. Da Linnaeus, masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, ya tsara sunayen dabbobi a 1758, ya kira shi Upupa epops, kalma ɗaya ta Latin, ɗaya ta Girkanci, kowace kuma kwaikwayon kukan nan ne na "hu-hu-hu". Al'ummu uku, kunne ɗaya.

Ƙofa ta biyu ta ido ce. Jan baki, ƙaramin tsuntsun da ke sauka dubbai a kan gero da shinkafa har manomi ya kwana da fargaba, bakinsa ne ya ba shi suna. Babba da jaka, jakar da ke reto a wuyansa aka gani. A cikin sunan tsanwaka ana jin tsanwa, launin da ke walƙiya idan ta buɗe fiffike daga kan wayar lantarki.

Ta uku ta hali da sana'a ce, kuma nan ne hikimar ta fi fitowa. Maƙwaƙƙwafi yana ƙwaƙƙwafar itace. Sha-kauci yana tsotsar furen kauci. Ragon maza babba ne mai jajayen fukafukai, amma ya fi son rarrafe cikin duhuwa da tashi sama, idan ya tashi ma ba ya nisa. Baiwar Allah, 'yar jar tsuntsuwar da ke shiga har cikin ɗaki tana tsintar tsaba, sunanta kansa kariya ne gare ta, domin yaro zai yi nauyin hannu kafin ya harbi mai irin wannan suna.

Ta huɗu ta aro ce. Kanari ya zo ta bakin Turawa, asalinsa sunan wasu tsibirai ne da ke tekun Atlantika daura da Maroko, alhali tsuntsun da ke cikin kejin samarin Bichi ɗan ƙasa ne, a gonakinmu aka haife shi.

Suna kuma yana sauyawa da tafiya. Abin da wani ya kira fakara, wani makwarwa zai ce. Wani lokaci suna ɗaya yana rufe tsuntsaye iri uku ko huɗu da masana suka rarrabe, kamar yadda kurciya take yi, ko da yake manomi yana ware bardo mai dogon wutsiya da hasbiya mai jan ido. Bargery ya tara da yawa daga cikin waɗannan sunaye a ƙamusunsa na 1934, Abraham ya biyo baya a 1949, Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Sai dai ƙamus ba ya kuka. Zai ba ka suna da bayani, ba zai jiyar da kai muryar mai sunan ba. A ɗaya ɓangaren, Bafaranshe Claude Chappuis ya fitar da faifai 15 a shekarar 2000 ɗauke da muryoyin tsuntsayen arewaci da yammaci da tsakiyar Afirka fiye da iri 1,400, amma da sunayen Latin da na Turai. Suna yana wannan hannu, murya tana wancan. Aikin da ya rage mana shi ne ɗaura musu aure.

Ɗauka, naɗa, faifai

Kalmomin kayan aikin su ma suna da tarihi a cikinsu. Mutumin gari ɗauka yake cewa: a ɗauki hoto, a ɗauki murya, kamar yadda ake ɗaukar kaya a kai wani wuri. Ma'aikatan rediyo kuwa sun fi cewa naɗa, an naɗi muryar wane. Duk wanda ya taɓa sa biro a ramin kaset yana juyawa don ya mai da zaren da rikoda ta tauna, ya ga hoton da ke cikin kalmar: murya tana hawa zare, zare yana naɗuwa kamar rawani. Kamfanin Philips ne ya fito da kaset a 1963, kuma da shi waƙoƙin Mamman Shata da karatun malamai suka shiga kowane lungu. Yau zare ya tafi, naɗa tana nan.

Faifai ya fi haka daɗewa. Asalinsa abin da mata ke saƙawa ne su rufe ƙwarya. Da garmaho ya zo da baƙin abinsa mai faɗi da kewaye, aka dube shi aka ce ai faifai ne. Sunan ya bi CD, ya kuma biyo mu har cikin waya, inda muke cewa faifan murya alhali babu wani abu mai kewaye da hannu zai taɓa. Na'ura daga Larabci take, inda ake kiran babbar ƙafar nan mai juyawa tana ɗebo ruwa daga kogi da wannan suna. Waya kuwa sunan zaren ƙarfen tangaraho ne, ya zauna a kan abin da ba shi da zare ko ɗaya. Makirufo, idan aka bi shi har gida, kalmomin Girkanci biyu ne, ƙarami da murya. Ma'anar ta dace da aikinmu sarai: abin kama ƙaramar murya.

Wannan sha'awa ba ta yau ba ce. A 1889 wani yaro ɗan shekara takwas a birnin Frankfurt na Jamus, Ludwig Koch, ya naɗi waƙar wani tsuntsun Indiya da ke cikin keji a kan gwangwanin kakin zuma na na'urar Edison. Shi ne naɗin kukan tsuntsu mafi tsufa da aka sani. Abin da ke aljihun ɗan acaɓa a yau ya fi na'urar yaron nan nesa ba kusa ba.

Abin da matafiyi zai ɗauka

Kaya huɗu ne: rikoda, makirufo, hula da abin kunne.

Rikoda ta farko ita ce wayarka. Aibinta guda ne babba: an gina ta don maganar mutum, saboda haka tana ɗaukar siririyar muryar tsuntsu a matsayin hayaniya, ta danne ta. Maganin shi ne a sa manhajar da ke naɗa a tsarin WAV, a kashe abin rage hayaniya da abin da ke daidaita ƙarfin sauti da kansa. WAV yana ajiye sauti yadda ya zo, MP3 kuwa yana zubar da wani sashe don ya rage nauyi, abin da ya zubar kuma ba ya dawowa. Wanda ya sami hali ya sayi ƙaramar rikoda ta hannu, irin su Zoom H1n ko Tascam DR-05X ko Sony PCM-A10, zai ji bambanci. Abin da za a fi dubawa wajen zaɓe shi ne abin da nake kira tsuwwar na'ura, wato 'yar "sss" ɗin da rikoda ke yi da kanta ko da wuri ya yi tsit. Ka kunna ta a ɗaki shiru, ka ƙara ƙarfi, ka saurara. Wadda tsuwwarta ta yi yawa za ta binne muryar ƙaramin tsuntsu kamar asisi. Sai batir: a karkara, inda caji sai an kai shagon mai sola, wadda ke cin ƙananan batura da ake samu a teburin kowane ƙauye ta fi kwanciyar hankali. Memori kuwa lissafinsa mai sauƙi ne. Naɗi mai kyau, na 48,000 a daƙiƙa da zurfin 24 a kunne biyu, yana cin wajen gigabait ɗaya a awa, ke nan kati mai 32 zai ɗauki kusan awa 30.

Makirufo iri biyu ne ke jawo murya daga nesa. Akwai mai dogon baki kamar sanda, wanda ba ya ƙara ƙarfin sauti sai dai ya rage abin da ke zuwa daga gefe. Turawa da sunan bindiga suke kiransa, kuma wannan suna gargaɗi ne a gare mu: a zamanin da hankalin mutanen karkara yake a tashe, baƙo mai nuna dogon baƙin abu cikin duhun asuba yana iya jawo wa kansa abin da bai nema ba. Na biyu shi ne wanda nake kira ƙwaryar sauti, wani faranti mai zurfi, faɗinsa wajen santimita 55, da ke tattara sauti ya zuba shi a kan makirufo a tsakiya. Ita tana ƙara ƙarfi da gaske, amma tana da zaɓe. Sauti tafiya yake yi kamar igiyar ruwa. Siririyar murya mai kaɗawa 5,000 a daƙiƙa tsawon igiyarta bai wuce santimita 7 ba, sai ta faɗa ƙwarya ta taru. Murya mai kauri ta wajen 500 kuwa igiyarta ta kusa santimita 70, ta fi bakin ƙwaryar faɗi, sai ta kewaye ta ta wuce. Ke nan ƙwarya za ta yi maka aiki a kan kanari da sha-kauci, amma a kan kurciya da hasbiya da ragon maza taimakonta kaɗan ne. Ga ta kuma da wuyar ɗauka a bayan babur. Ga matafiyi a ƙasarmu, inda tsuntsaye suka saba da mutane, ƙafa ta fi ta: duk lokacin da ka rage rabin tazarar da ke tsakaninka da tsuntsu, ƙarfin sautinsa a makirufo yana ninkawa biyu, ba ka biya ko kwabo ba.

Hula ita ce rigar gashi da ake sa wa makirufo. Soson da ke zuwa cikin kwali na ɗaki ne. Iskar hunturu idan ta bugi makirufo tsirara, abin da za ka ji kamar ana jan buhu ne a kan kwano. Hular gashi tana karya iskar kafin ta isa, kuma ita ce mafi araha a cikin kayan, ita ce kuma aka fi mantawa. Abin kunne kuwa, ko iyafis ne na waya, shi ke gaya maka gaskiya tun kana wurin: ko hannunka yana goga jikin rikoda, ko rigarka ta shadda tana ƙara. A ƙara da robar abinci mai murfi don ƙurar hazo da ruwan damina, kada kuma a bar kaya a rana.

Ƙasar da ba ta shiru

Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin karkarar Kano a shekarun 1960, ya bayyana ta a matsayin yanki mai cunkoson gidaje da gonaki, inda ake noma ƙasa kowace shekara da ƙarfin taki, saura ta yi ƙaranci. Daga Ungogo zuwa Minjibir, daga Dawakin Tofa zuwa Makoɗa, da wuya ka tsaya inda ba ka hango rufin gida. Dajin tsuntsayen nan shi ne bishiyoyin da manomi ya bari da gangan: gawo, ɗorawa, tsamiya, kuka, kanya, darbejiya. Saboda haka duk abin da ka naɗa zai zo da carar zakara, da luguden tabarya, da injin markaɗe, da na ban-ruwa a fadama. Lokacinka na zinariya gajere ne, daga idar da sallar asuba zuwa hudowar rana. Mafi albarkar watanni kuma su ne ƙarshen bazara da farkon damina, lokacin da shamuwa ke dawowa daga kudancin Afirka ta yi sheƙa a bishiyar tsakiyar gari, sauran tsuntsaye kuma suka shiga waƙar aure. Ita shamuwar, duk da girman sunanta a bakin manoma, ba ta da wani kuka sai ƙwanƙwasa baki da ɗan huci.

Da yake gona da gida a haɗe suke, ladabi yana cikin kayan aiki. Ka fara da gaida mai unguwa ko dagaci, ka nuna masa abin da ke jakarka. Kada ka nuna makirufo ta saman danga, domin abin da ke jawo muryar tsuntsu yana jawo ta matan gida. Kada ka naɗi maganar mutum sai da izininsa. Kada kuma ka riƙa kunna wa tsuntsu kukansa don ya matso: yana barin sheƙa ya zo faɗa da abokin gaba da babu shi, kuma kana koya wa mai tarko dabara.

Nijeriya tana da tsuntsaye fiye da iri 900. Masu bincike biyu, Sharland da Wilkinson, sun wallafa jerin na tsohuwar Jihar Kano a 1981. Cibiyar APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos tana horar da masana tun farkon shekarun 2000, kuma tun 2015 take jagorantar aikin taswirar tsuntsayen ƙasar nan da taimakon 'yan sa-kai. Akwai rumbunan sauti na duniya da kowa zai iya zuba nasa kyauta, kamar na Macaulay a Jami'ar Cornell ta Amurka, da Xeno-canto da wasu mutum biyu 'yan ƙasar Holan suka kafa a 2005, wanda sunansa ke nufin baƙuwar waƙa. Manhajojin da ke gane tsuntsu daga kukansa, irin su Merlin, daga irin waɗannan rumbuna suke koyo, shi ya sa suka fi ƙwarewa a kan tsuntsayen Amurka da Turai. Namu ba za su daina zama baƙi a can ba sai mun kai su da kanmu.

Ƙa'idar masu wannan aiki ita ce, kafin a kashe rikoda, mutum ya faɗi kwanan wata da lokaci da wuri da abin da ya gani. Roƙona ga duk wanda zai fita da waya ko rikoda a karkarar nan shi ne ya ƙara abu ɗaya. Ka nemi dattijon da ke kai taki, ko makiyayi, ko tsohuwar da ta yi shekaru tana korar jan baki daga gero, ka nemi izini, ka sa musu abin kunne, ka bar su su faɗi sunan da bakinsu, da yadda ake kiransa a garinsu, da abin da aka ce yana faɗa. Tsuntsun zai sake kuka baɗi idan Allah ya kai mu, matuƙar an bar masa gawonsa. Masu sanin sunansa kuwa kullum raguwa suke yi, don haka a fara da su.